Hakin Altine

A Danwarai ta wancan zamani, in ka ce kana neman Altine sai a tambaye ka wanne, don masu sunan sun fi a ƙirga, maza da mata. Amma ka ce Altine mai jigo, na Hamsatu, nan take za a nuna maka hanyar fadama, a ce ka bi har ka ga wani babban ɓaure, yana nan ƙarƙashinsa. Gajeren mutum ne, baƙi wuluk, mai faɗin kafaɗa, da 'yar tsaga a kumatu wadda ba irin ta mutanen nan ba ce. Magana ba ta dame shi ba. In dariya ta kama shi sai ya rufe baki da hannu, kai ka ce sato ta ya yi.

Ba a Danwarai aka haife shi ba, kuma kada ka wahalar da kanka da tambayarsa inda aka haife shi, shi ma bai sani ba. Tun bai yi famfara ba mahara suka kwaso shi daga wata ƙasa mai duwatsu can kudu, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har kasuwar Jega, inda wani falke mai suna Alu ya saye shi. Ranar Litinin ce, sai Alu ya ce to, sunanka Altine. Sunan da ake kiransa da shi a gida ya ɓace, yarensu ma ya bi bayansa sannu a hankali, har ya wayi gari ko kalma ɗaya babu a bakinsa.

Abu guda ne ya ƙi tafiya. Wani rafi cikin inuwa, ruwa na bin duwatsu, uwarsa ta sunkuya tana wanke ƙorai, shi kuma ta kwantar da shi a gefe bisa wani ganye mai laushi da sanyi. Fuskarta ba ya iya gani, ko ya runtse ido ya yi ta ƙoƙari. Bayanta kawai yake gani, da hannun da kan juyo ya taɓa shi don ta ji ko yana nan. Ganyen kuwa yana ganinsa sarai, tunda shi ne a gaban hancinsa: dogo, a tsattsage gefe da gefe kamar gashin kaza, kore shar. Duk gadon da Altine ya ci a duniya ke nan.

Alu ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa yana kabari, amma ubangida ne, ba uba ba. A lambunsa na bakin gulbi Altine ya koyi jan jigo, dogon itacen nan mai guga a kai ɗaya da dunƙulen laka a ɗaya kan, wanda ake ɗebo ruwa da shi a zuba wa fangalin albasa. Ya iya shi har ya zama sunansa. Gemu na fara fito masa Nasara suka ci ƙasa, aka yi shela cewa daga yau babu saye babu sayar da ɗan Adam. Bayin gidan Alu da suka san garuruwansu suka ɗaure kaya suka kama hanya, wasu ko sallama babu. Altine ma ya ƙunshe 'yan tsummokaransa, ya fito ƙofar gari ya tsaya. To, ina ya nufa? Kudu ai faɗi gare ta. Ya tsaya har inuwarsa ta juya, sannan ya koma lambu ya ci gaba da ban ruwa, don albasa ba ta san Nasara sun zo ba.

Bayan rasuwar Alu ne Malami ya janyo shi Danwarai. Malami manomin albasa ne, tsaran Altine, a kasuwar Jega suka saba, kuma shi Allah ya ba bakin da Altine ya rasa: in ya fara zance, jakinsa ma sai ya gaji ya kwanta. Shi ya kai shi gaban mai gari, shi ya roƙa masa fili a bakin fadama. Filin da aka ba shi wanda kowa ya ƙi ne, saboda ɓauren nan ya cinye kusan rabinsa da inuwa, albasa kuwa rana take so. Altine ya karɓa da hannu biyu. Malamin dai ne ya shige gaba aka nema masa auren Hamsatu, wata bazawara mai tsabta da kaifin harshe, wadda ta ce ta yarda ne don ta gaji da mazan da ke katse ta in tana magana.

Wata shekara bayan kaka saƙo ya zo cewa Bature zai yi rangadi kudu, kowane gari ya ba da 'yan dako. In an ce gari ya ba da mutum ai baƙo ake fara tunawa, sai ga Altine a sahun gaba. Aka ɗora masa wani akwati mai nauyin tsiya, wanda daga baya ya gano kwanonin cin abincin Bature ne a ciki. Suka yi ta tafiya har suka wuce Yawuri, ƙasa ta fara sauya kama, duwatsu suka fara tasowa. Wata rana da azahar aka yada zango a bakin wata ƙorama mai duhun itatuwa. Altine ya sauke kaya, ya durƙusa zai sha ruwa, sai ga shi ido da ido da ganyen nan, ya shimfiɗu tun daga bakin ruwa har gindin duwatsu.

Wayyo Altine! Ƙishirwar ma mantawa ya yi da ita. Ya kife fuskarsa a ciki, ƙanshin danshi da ruɓaɓɓen ganye ya bugi hancinsa, sai ga ƙato da gemunsa yana kuka kamar yau aka yaye shi. Ba ƙasarsu ba ce, ya tambayi mutanen wurin, ba wanda ya san irin tsagarsa. Duk da haka ya sa wuƙa ya yanko wani ɓangare da ƙasarsa da saiwarsa, ya sa a ƙoƙon shan ruwansa, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Duk tsawon hanyar komowa in ya sami ruwa sai ya raba biyu, shi rabi, ƙoƙo rabi. Da abokan dako suka dame shi da tambaya ya ce maganin shawara ne, suka ƙyale shi.

Da ya iso gida ya yi abin da duk manomin albasa zai yi wa abin da yake ƙauna. Ya zaɓi fangali mafi kyau a tsakiyar rana, ya zuba takin awaki har da ƙari, ya dasa, ya cika shi da ruwa. Kafin a je ko'ina ganyen ya ƙone ƙurmus. Hankalinsa ya tashi, ya tono abin da ya rage, wata 'yar baƙar saiwa kamar guntun igiya, ya rasa inda zai kai ta, ya tura ta gindin ɓaure kusa da jigo, inda ruwan guga ke ɗiga. Can ta yi shiru har ya fid da rai. Ran nan yana cikin ban ruwa ya hango wani ɗan abu kore ya leƙo, a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya. Bai san lokacin da ya saki jigon ba, sai ji ya yi itacen ya wuce ta gefen kunnensa.

Daga nan ya shiga koyon halinsa, kuma hali ne da ya saɓa wa duk abin da ya sani. Rana ba ya so. Taki ba ya so, sai ganyen ɓaure da ya zubo ya ruɓe don kansa. Ruwa yana so amma kada ya kwanta masa, danshi dai kullum, irin na gindin randa. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, babu irin da za ka tara ka ajiye a tulu. Ta ƙarƙashin ƙasa yake rarrafe, ka gan shi nan bana, baɗi ya ɓullo kamu ɗaya gaba. Altine ya ɗan karkatar da bakin magudanar jigonsa, yadda kowane guga sai ya bar rabon gindin ɓaure kafin ya wuce wa albasa. In bazara ta yi zafi yakan yayyafa masa da hannu safe da yamma. Shekara ta bi shekara, abin da ya zo a ƙoƙo ya kai faɗin faifai, ya kai tabarma, har ya rufe inuwar ɓauren kaf, yana kore shar lokacin da duk Danwarai ta bushe. In ya yi sallar azahar sai ya miƙe a gefensa, kunci a kan ganyen, ya rufe ido. A nan kaɗai yake da uwa.

Hamsatu ta gano ne a wata shekarar fari, da rijiyar lambu ta ja baya har guga na kwaso laka. Ta kawo masa fura ta tarar albasa ta langaɓe, shi kuma yana durƙushe yana ɗiga wa ciyawa ruwa da tafin hannu. Ta buɗe baki za ta fara, kuma in Hamsatu ta fara sai dai Allah ya kyauta, amma da ta ga fuskarsa sai ta zauna. Ya gaya mata duka. Ta saurara har ya gama, ta share ido da gefen zane. Bayan nan da suka sami 'yarsu Kubura, wadda daga baya aka kai aure garin Liba, Hamsatu ta riƙa zuwa wankin ƙorai bakin jigo alhali ga ruwa a gida, ta kwance goyo ta kwantar da jaririyar a kan ganyen. Ba ta taɓa cewa don me ba, shi ma bai tambaya ba.

Sai dai tun ranar farko ta yi masa tambaya ɗaya: “To Malam, Allah shi raya maka shi. Amma in mutane sun tambaya, mi za ka ce?”

Tambayar da ta dame shi ke nan. A Danwarai ana ba abu ruwa ne don a ci shi ko a kai shi kasuwa. Mutumin da ke wahalar jigo a kan haki, ciyawar da ko akuya ba ta kula ta, kuma a gindin ɓaure, to ɗayan biyu ne, ko ya taɓu ko yana yi wa iskoki hidima. Ga shi Altine ya sha wuya kafin a daina ce masa bawan Alu. Yanzu sahu ɗaya yake tsayawa da kowa a masallaci, ana kiransa suna da ɗaurin aure, ana ba shi goro kamar ɗan gari. Ya buɗe baki ya ce wannan ganyen ƙasarmu ne, ƙasar da ba a salla? Ya tuna musu da kansa cewa sayo shi aka yi? Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada a koma kallonsa yadda ake yi da. Sai ya zaɓi a ce masa raggo.

“Kai Altine, wanga haki hwa?” in ji Malami duk ranar da ya leƙo ta kan darni. “Macizai kaka kiwo?”

“Zan nome shi. Baya ne ke damuna kwanan ga.”

“Bara ma haka kac ce.”

“To bana in sha Allahu.”

Haka suka yi ta yi har furfura ta fito musu. Abin ya zama na tsokana a gari. Mace in mijinta ya yi mata alkawarin sabon zane sai ta ce i, ta ji, ranar da Altine ya nome hakinsa. Shi kuwa in an faɗa a gabansa, da shi ake dariyar.

Sai wata damina, ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya fito, kurkunu ya kama Altine a ƙafa biyu lokaci ɗaya. Wanda ya san kurkunu ya san ba a yi masa gaggawa. Tsutsar sai ta ga dama take leƙowa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, in ka ja da ƙarfi ta tsinke ka shiga uku. Altine ya kwanta, ƙafafu sun kumbura suntum, Hamsatu na naɗi tana yi masa faɗa a kan shan ruwan tafki. Lambu bai dame shi ba, don lokacin babu albasa a ƙasa, ganyensa kuma sama na ba shi ruwa. Gonar geron ce ciyawa ta taso za ta shaƙe, ga shi ba ɗa namiji, surukinsa yana Liba yana fama da tasa.

Malami bai yi shawara da kowa ba ya kira gayya. Ranar da aka sa, maza suka fito da hauyoyi har da mai ganga, Hamsatu da matan maƙwabta suka duƙufa dakan fura da tuƙin tuwo a cikin gida, don haka al'adar take, mai gona nasa ciyarwa da godiya. Mutane suka zo fiye da yadda aka zata, saboda da wuya ka sami gidan da Altine bai taɓa gyara wa jigo ba. Kafin rana ta take tsaka sun share gonar tas. Ga ƙarfi bai ƙare ba, ga ganga na zuga su, ga fura ba ta iso ba. A nan ne Malami ya yi wani tunani wanda ya ɗauka bai taɓa yin mai kyau irinsa ba.

“Jama'a, ku taho mu hidda mutumin ga kunya,” ya ce. “Shekara nawa shina hwaɗin baya na yi mai ciwo? Yau hakin ga sai ya bar gindin ɓaure!”

Suka ɗunguma da sowa. Kuma aiki suka yi na ƙauna, irin na manoman albasa, waɗanda ba su barin saiwa ko ɗaya a ƙasa don kada ta sake tsirowa. Suka nome, suka tone, suka bi da yatsu suna zaro baƙaƙen saiwoyin nan, suka share ruɓaɓɓen ganyen da ya taru shekara da shekaru, suka kwashe duka suka jibge a bayan darni. Wani mai ƙwazo ya hau ɓauren ya sassare rassan ƙasa don rana ta sami shiga. Sannan suka ja fangali-fangali a jere kamar an auna, sai jiran dashe.

Malami da kansa ya zo da jaki ya ɗauki Altine, ya ce akwai abin da zai gani. Suka bi ta gonar gero, Altine ya ga aiki ya yi ta sa albarka, yana zaton an gama. Jaki bai tsaya ba, ya miƙe hanyar fadama. Tun daga nesa ya ga ɓauren ya yi wani iri, haske na ratsa inda bai taɓa ratsawa ba. Da suka zagayo darni ya ga ƙasa tsirara, fes, ko tsinke babu.

Aka sauke shi aka zaunar a kan wani kututture. Mutane sun kewaye shi, gumi na zuba, kowa baki har kunne, ana jiran ya yi magana. Malami har kafaɗa yake rausayawa. Altine ya dubi wurin da yake sa kuncinsa, ya ga sawun wani, babban yatsa ya nutse cikin laka. Ji ya yi kamar yau ne aka ɗauke shi daga bakin rafin nan. Amma gayya aka yi masa, kuma wanda aka yi wa gayya godiya ce tasa.

“Allah shi saka muku da alheri,” ya ce. “Allah shi bar zumunci. Kun yi aiki.”

“Ku ji shi, har murya na rawa!” in ji Malami. “Kai raggo, kuka za ka yi don an nome maka haki?”

Aka fashe da dariya. Ana cikinta Hamsatu ta iso da ƙwaryar fura a ka, mata na biye da ita. Ta tsaya cak a bakin darni. Ta dubi ƙasa, ta dubi ɓaure, ta dubi mijinta. Ta sauke ƙwaryar a hankali, don ko a tashin hankali Hamsatu ba ta zubar da fura.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya aikata wanga aiki?”

“Mu na,” in ji Malami yana bugun ƙirji. “Ba sai kin gode ba.”

Altine ya girgiza mata kai yana roƙonta da ido. Ina!

“Malam,” ta ce wa mijinta, “wallahi yau ko ka hwaɗa musu ko ni in hwaɗa. Godiya kaka yi? Sun haƙe maka uwa kana godiya?”

Mai ganga ya ɗauke hannu. Babu sauran wurin ɓuya. Altine ya sunkuyar da kai yana kallon kumburarrun ƙafafunsa, ya fara magana, kuma tunda ya zo Danwarai ba a taɓa jin ya yi mai tsawonta ba. Ya faɗi rafin, da ƙoran, da hannun da ke juyowa ya taɓa shi. Ya faɗi ƙoƙon da ya raba ruwa da shi tun daga bayan Yawuri.

“Ba don kansa ya hito ba, ni na dasa shi,” ya ce. “Kun san sayo ni anka yi. Kowa nan in ya so tuna tsohuwarsa ya san gidan da anka haihe ta, ya san inda anka ruhe ta. Ni ganyen ga ke gare ni.”

Ya jira dariya, ko ya ji an ce a'uzubillahi. Ba wanda ya yi ko ɗaya. Wani dattijo ya cire hula ya mayar. Wanda ya sassare rassa ya zame gatarinsa ya ɓoye a baya.

Malami ne ya fara magana, kuma da faɗa ya fara, idanunsa jawur. “Amma kai dai Altine an yi mugun mutum! Ni za ka ɓoye ma wanga zance? Wa ya kawo ka garin ga? Ran da nis same ka Jega ban san ko kai wane ne ba? Ka bar ni shekara da shekaru ina ce maka raggo, yau kuma ka bar ni na…” Ya jefar da hauya, ya zagaya bayan darni, ya durƙusa gaban tarin nan da ya fara yaushi a rana, ya sa hannu biyu yana tonawa. “Ina ran yake, ga ganyen ko ga saiwar? Kai nika tambaya!”

“Saiwar,” in ji Altine. “Baƙar, mai ɗan toho a baki.”

Haka aka yi gayya ta biyu a rana ɗaya, irin wadda Danwarai ba ta taɓa gani ba. Magidanta da gemunansu a durƙushe suna tsintar saiwar haki ɗaya bayan ɗaya kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa, mata na jiƙa tsumma suna rufewa. Da aka zo dashe kuma sai hali ya motsa, suka fara jera ta cikin fangali daidai wa daida, suna dannawa da babban yatsa kamar albasa, wani har ya kama hanyar ɗebo taki. Altine daga zaune yake ta kwaɓa. A kwance ake sa ta, kada a binne da zurfi, a rushe fangalin kada ruwa ya kwanta, a maido ruɓaɓɓen ganyen da aka share. Aka maido shi a kwanduna. Rassan da aka sare ba su maiduwa, sai aka kafa sanduna aka ɗora zana, aka yi wa haki rumfa. Fura ta yi tsami a ƙwarya ba wanda ya tuna da ita, sai Hamsatu, wadda ta tuna musu da babbar murya.

Ba za a yi ƙarya ba, yawancinsa bai tashi ba. Rana ta riga ta taɓa shi, hauya ta daddatse shi. Altine ya koma kwance, don kurkunu bai gama da shi ba. Kullum yana tambayar Hamsatu, kullum tana cewa ba ta ga komai ba tukuna, ita kuwa ba ta iya ƙaryar lallashi ba. Abinci ya daina yi masa daɗi. Damina ta fara ja baya, kowa ya shiga hidimar yafa irin albasarsa, shi kuma yana kwance yana tunanin in ruwa ya ɗauke babu mai jan jigo, ko da akwai abin da ya rage a ƙasa to shi ma zai tafi.

Ranar da ya fara iya taka ƙasa ya ɗauki sanda da sassafe ya ɗingisa zuwa fadama. Tun kafin ya iso ya ji kukan jigonsa. Malami ne, ya tuɓe riga yana ja, nasa lambun yana can yana jiransa. Ƙarƙashin rumfar zana, a wata kusurwa jikin gindin ɓaure, wurin da bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, 'yan kawuna kore sun leƙo a nannaɗe.

“Kada ka taka!” in ji Malami, ko gaisuwa babu. “Bi ta can. Ba su daɗe da hitowa ba. Ban hwaɗa ma Hamsatu ba sai sun yi ƙwari, na san bakinta.”

Altine ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallo, daɗi ya cika shi. Malami ya saki jigo ya zo ya tsuguna kusa da shi. Can ya yi gyaran murya.

“Tsohuwar taka, mi as sunanta? Ina son in riƙa sa ta in ina yi ma tawa addu'a.”

Altine ya runtse ido. Ya nema, ya sake nema.

“Ban sani ba, Malami.”

Malami ya kau da kai ya dubi fadama, ya ja hanci.

“To ba komi,” ya ce. “Sai in ce uwar Altine. Wanda nika roƙo ya san ta.”

Ya tashi ya koma kan jigo.